'Yan Aiken Cikin Jiki: Yadda Kimiyya Ta Daina Nemansu a Jikin Alade da Gawa

A ɗakunan bincike na jami'o'i da kamfanonin magunguna a faɗin duniya, akwai wasu 'yan ƙananan kwalabe da ba su kai ɗan yatsa tsawo ba, waɗanda ake adanawa cikin firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili. Wanda ya ɗaga ɗaya daga cikinsu ya duba zai iya rantsuwa babu komai a ciki, domin abin da ke kwance a ƙasanta ɗan farin gari ne da sau da yawa bai wuce maikurogiram 10 ba, wato kashi 10 cikin miliyan na giram ɗaya. Takardar da aka manna a jikin kwalbar tana ɗauke da bayani uku: furotin ne irin na ɗan Adam, an samar da shi ta hanyar dashen ƙwayar gado, kuma don bincike kawai aka yi shi.

Kowane ɗaya daga cikin bayanan nan uku yana iya tayar da tambaya a zuciyar Musulmi. Idan na ɗan Adam ne, daga jikin wa aka ciro shi? Idan dashe aka yi, a jikin wace halitta aka dasa? Idan kuma don bincike ne kawai, ina ruwan magidanci da shi? Amsar tambaya ta ƙarshe ita ce mafi sauƙi: allurar insulin da mai ciwon suga ke yi wa kansa, da allurar ƙarin jini da ake yi wa mai ciwon ƙoda, duk 'yan gida ɗaya ne da garin cikin wannan kwalba, kuma daga irin waɗannan ɗakuna suka fito. Saboda haka muka ga dacewar mu bi sawun wannan ilimi tun daga tushe, domin hukunta abu yana biyo bayan fahimtarsa ne.

Yadda ƙwayoyin jiki ke aika wa juna saƙo

Masana sun ƙiyasta cewa jikin baligi ya ƙunshi ƙwayoyi masu rai fiye da tiriliyan 30. Kowace ƙwaya tana zaune ne kamar gida a cikin babban birni, kuma birni ba ya zaman lafiya sai da 'yan aike. Ƙwayar fata ba ta rabuwa gida biyu don cike gurbin rauni sai an aiko mata da umarni. Ɓargo ba ya ƙara samar da jini sai labari ya iso masa cewa iskar numfashi ta yi ƙaranci a jiki. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun jiki, ba sa taruwa a inda cuta ta shiga sai an buga musu gangar yaƙi.

Da yawa daga cikin waɗannan 'yan aike sinadaran furotin ne. Za mu iya kwatanta furotin da carbi: zare ne da aka jera wa duwatsu iri 20, waɗanda ake kira amino asid, kuma yadda aka jera su shi ke sa zaren ya naɗe ya ɗauki wata siffa ta musamman. Insulin yana da duwatsu 51 a cikin zare biyu, ɗaya mai 21 ɗaya mai 30. Wanda ake kira EGF, mai umartar fata da girma, yana da 53. A jikin ƙwayar da aka aika wa saƙon akwai makarɓa wadda siffarta ta dace da ɗan aiken kamar yadda kwaɗo ke dacewa da mabuɗinsa. Da zarar sun haɗu, sai umarni ya ratsa zuwa cikin ƙwayar: ki girma, ki rabu, ki sha suga, ki yi yaƙi, ko kuwa ki mutu domin wa'adinki ya cika. Cututtuka da dama lalacewar wannan sadarwa ce. A nau'in farko na ciwon suga, ɗan aiken ne ya ɓace. A wasu nau'o'in ciwon daji, kwaɗon ne ya maƙale a buɗe, ƙwayar ta yi ta rabuwa ba tare da an umarce ta ba.

Zamanin tsintar ɗigo a cikin kogi

Abin da ya daɗe yana wahalar da masana shi ne ƙanƙantar adadin waɗannan sinadarai a jiki. Rita Levi-Montalcini, 'yar Italiya wadda dokokin wariya na 1938 suka raba ta da aikin jami'a saboda ita Bayahudiya ce, ta ci gaba da nazarin ƙwan kaji a ɗakin kwananta a birnin Turin. Bayan yaƙi ta koma Amurka, inda a farkon shekarun 1950 ta gano cewa akwai wani sinadari da ke sa jijiyoyi tsiro, wanda aka raɗa wa suna NGF. Abokin aikinta Stanley Cohen ya same shi da yawa a cikin dafin maciji da kuma gaɓar da ke samar da yawu a jikin namijin ɓera. Yana cikin wannan aiki ne ya lura cewa jariran ɓeraye da aka yi wa allurar ruwan wannan gaɓa suna buɗe ido da fitar da haƙori kafin lokaci, kuma ta haka ya ware EGF a 1962. Su biyun sun raba lambar yabo ta Nobel a 1986.

Labarin EPO, ɗan aiken da ƙoda ke turawa ɓargo don ya samar da jajayen ƙwayoyin jini, ya fi nuna girman wahalar. A 1977 Eugene Goldwasser na Jami'ar Chicago da Takaji Miyake na Japan sun tace shi daga fitsarin marasa lafiya lita 2,550, kuma abin da suka samu bai wuce miligiram 8 ba. Shi kuwa intaferon, wanda Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano a Landan a 1957 a matsayin ƙararrawar da ƙwaya ke bugawa idan bairos ya shige ta, an yi shekaru ana tatso shi daga fararen ƙwayoyin jinin masu ba da gudummawar jini a ƙasar Finlan, a kan farashin da ya fi ƙarfin asibitoci.

Insulin ya fi sauran sa'a, domin na dabba yana aiki a jikin mutum. Frederick Banting da Charles Best sun ware shi a Toronto ta Kanada a 1921, kuma a watan Janairun 1922 aka yi wa wani yaro, Leonard Thompson, allurar farko. Daga nan har tsawon shekara 60, kusan duk insulin da ke duniya ana matso shi ne daga wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, ta shanu da aladu da ake tarawa daga mayanka. Na saniya ya bambanta da na mutum da duwatsu 3, na alade kuwa da dutse 1 tak, don haka likitoci suka fi son na alade. Wannan ya sanya Musulmi mai ciwon suga a tsaka mai wuya na tsawon zamani.

Mafi muni shi ne sinadarin girma, wanda yaran da jikinsu ba ya samar da shi ke buƙata. Na dabba ba ya aiki a jikin mutum, don haka sai aka riƙa ciro wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar gawarwaki ana tace shi. A 1985 aka gano cewa wasu daga cikin waɗanda aka yi wa wannan allura suna yara sun kamu da cutar Creutzfeldt-Jakob, mai cinye ƙwaƙwalwa kuma marar magani. Daga baya adadin waɗanda suka kamu ta wannan hanya ya haura 200 a duniya, fiye da rabinsu a Faransa.

Koya wa bakteriya rubutun da ba nata ba

Mafita ta zo ne daga fahimtar cewa jerin duwatsun kowane furotin a rubuce yake a cikin sinadarin gado na DNA, da haruffa huɗu kacal, kuma kusan dukkan halittu, daga bakteriya zuwa mutum, da ƙa'ida ɗaya suke karanta wannan rubutu. Sashen rubutun da ke ɗauke da umarnin furotin guda shi muke kira ƙwayar gado. A 1973 Herbert Boyer da Stanley N. Cohen, wanda ba shi ne Cohen ɗin da muka ambata a baya ba, suka nuna a jihar Kalifoniya cewa za a iya yanko wani sashe na DNA da wasu sinadarai masu aikin almakashi, a liƙa shi a cikin wani ɗan zoben DNA, a tura zoben cikin bakteriyar E. coli, ita kuma ta riƙa kwafarsa duk sa'ad da ta rabu. Tun da wannan bakteriya tana iya ninka kanta cikin minti 20 idan ta sami abinci da ɗumi, ƙwaya ɗaya kan zama biliyoyi kafin gari ya waye.

Masanan da kansu sun tsorata da abin da suka buɗe, har suka taru a Asilomar a 1975 suka shimfiɗa wa kansu ƙa'idojin kiyaye haɗari. A 1976 Boyer da Robert Swanson suka kafa kamfanin Genentech. A 1977 aka sa bakteriya ta samar da somatostatin, wani ɗan ƙaramin ɗan aike mai duwatsu 14, sannan a 1978 ta samar da insulin irin na mutum. Akwai wani abu a nan da ya kamata mu riƙe: ƙwayar gadon insulin da aka yi amfani da ita a wancan aiki ba a ciro ta daga jikin kowa ba, harhaɗa ta aka yi harafi bayan harafi daga sinadarai a ɗakin bincike. A 1982 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wannan insulin da sunan Humulin. Sinadarin girma ya biyo baya a 1985, a shekarar da aka dakatar da na gawa, intaferon a 1986, EPO kuma a 1989.

Ba kowane furotin bakteriya ke iya yi ba. Wasu, kamar EPO, sai an yi musu ado da rassan suga kafin su yi aiki a jiki, kuma E. coli ba ta iya wannan ado. Don haka ake amfani da wasu masu masaukin: yis irin na burodi, ƙwayoyin jikin ƙwari, ko ƙwayoyin da Theodore Puck ya ɗebo a 1957 daga ma'ajin ƙwan wata dabba dangin ɓera mai suna hamsta, waɗanda har yau zuriyarsu ake renowa a manyan tankunan ƙarfe. An kai ga amfani da tsirrai ma: wani kamfani a ƙasar Ayislan yana samar da EGF a cikin ƙwayar sha'ir, wani kuma a Sin yana samar da albumin irin na jinin mutum a cikin shinkafa. Ko wane masauki aka zaɓa, ƙarshen aikin ɗaya ne: a tace ruwan mataki bayan mataki har a raba furotin ɗin da gawar ƙwayoyin da abincinsu, a auna tsarkinsa, wanda galibi ake so ya haura kashi 95 cikin 100, a gwada ko yana aiki, sannan a busar da shi cikin sanyi ya zama wancan farin gari.

Abin da masu bincike ke yi da su

Ƙwayar da aka raba da jiki aka sa a faranti kamar marainiya take: ko an ba ta abinci, idan ba ta jin saƙon 'yan uwanta sai ta daina girma ta mutu. Garin cikin kwalba shi ne muryar da mai bincike ke yi mata magana da ita. A 1976 Doris Morgan da Francis Ruscetti da Robert Gallo suka gano wani sinadari da ke raya wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini a faranti na tsawon lokaci, wanda daga baya aka kira IL-2. Wannan ne ya ba da damar renon ƙwayoyin da aka gano bairos mai karya garkuwar jiki a cikinsu a farkon shekarun 1980.

Haka abin yake ga ƙwayoyin asali, waɗanda ke iya rikiɗa su zama kowane irin sashe na jiki. Bayan Shinya Yamanaka na Japan ya nuna a 2006 da 2007 cewa za a iya mayar da ƙwayar fata ta koma ta asali, sai buƙatar ruwan reno mai tsabta ta ƙaru. A 2011 ɗakin binciken James Thomson a Amurka ya fitar da wani haɗi mai sinadarai 8 kacal, wanda a cikinsu akwai insulin da FGF2 da TGF-beta. A ƙasar Holan kuma, a 2009, Toshiro Sato da Hans Clevers sun yi amfani da 'yan aike uku, ciki har da EGF, suka sa ƙwaya ɗaya ta hanji ta gina ɗan ƙaramin hanji a faranti, wanda ake gwada magani a kansa kafin a kai ga marar lafiya. A lokacin annobar korona, sanin da aka tara game da IL-6, ɗan aiken da ke rura kumburi, shi ya kai ga gwada magungunan da ke toshe makarɓarsa, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da su ga masu tsananin jinya a watan Yulin 2021.

Akwai kuma abin da ya taɓa gidajenmu kai tsaye. Nijeriya ce ke kan gaba a duniya wajen yawan masu cutar sikila. Sabon maganin gyaran ƙwayar gado da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023 ya dogara ne ga ɗebo ƙwayoyin asali na jinin marar lafiya, a gyara su a wajen jiki, a mayar masa. Irin waɗannan ƙwayoyi ba sa rayuwa a faranti sai da 'yan aiken da muke magana a kansu. Tsadar maganin ta sa ya yi wa talaka nisa a yanzu, amma duk wani yunƙuri na sauƙaƙa shi ta kan waɗannan kwalabe zai bi.

Matsayar majalisun fiƙihu

Malamai ba su yi shiru a kan wannan fage ba. A watan Mayun 1995 Ƙungiyar Musulunci ta Ilimin Likitanci ta tara malamai da likitoci a Kuwait don tattauna haramtattun abubuwa da najasa a cikin abinci da magani. Taron ya ƙarfafa ƙa'idar istihala, wato rikiɗewar abu daga haƙiƙarsa zuwa wata haƙiƙa dabam mai wasu siffofi, kuma ya halatta wa mai ciwon suga amfani da insulin na alade saboda larura, bisa sharuɗɗanta. Ƙa'idar istihala ba baƙuwa ba ce ga ɗalibanmu na zaure, domin a babin tsarki na Mukhtasar, Shaihu Khalil ya lissafa almiski, da giyar da ta zama khal, da shukar da aka shayar da najasa a cikin abubuwa masu tsarki.

A 1997, a zamanta na 10 a Jidda, Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta haramta kwafar ɗan Adam, amma ta halatta amfani da fasahar sarrafa ƙwayar gado a kan bakteriya da sauran ƙananan halittu da tsirrai da dabbobi, muddin an tsaya cikin iyakokin Shari'a, an jawo maslaha an kuma kauce wa ɓarna. A watan Rajab na 1419, daidai da ƙarshen Oktoban 1998, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami ta yi zamanta na 15 a Makka, inda ta halatta amfani da wannan ilimi wajen rigakafi da magani da rage cuta, da sharaɗin kada ya haifar da cutarwa mafi girma, ta kuma hana amfani da shi don mugun nufi ko don wasa da halittar mutum da sunan inganta iri.

Idan muka haɗa waɗannan matsayai, za mu ga cewa dashen ƙwayar gado ya sauke wa al'umma wani nauyi. Rangwamen larura yana tsayawa ne iyakar larurar, kuma yana ɗagewa idan an sami madadi na halal. Mafi yawan insulin da ke kasuwa a yau yis ne ko bakteriya ke samar da shi, don haka mai amfani da shi ya fita daga inuwar rangwame ya koma kan asalin halacci. Haka kuma an daina taɓa gawa don neman sinadarin girma, wanda ya dace da alfarmar da Musulunci ya bai wa mamaci. Kalmar “na ɗan Adam” da ke jikin kwalba tana nufin jerin duwatsun ya yi daidai da na mutum ne kawai.

Inda tambaya ta rage

Sai dai ba za mu ce an share fage gaba ɗaya ba. Tambayar ta tashi ne daga kan furotin ɗin ta koma kan hanyar da aka bi. Wuri na farko shi ne ruwan reno. Shekaru da yawa ana ciyar da ƙwayoyin dabba a faranti da ruwan jinin ɗan tayin saniya, wanda ake zuƙowa daga zuciyarsa idan an yanka uwar tana da ciki, domin yana cike da 'yan aiken girma. Wuri na biyu shi ne tirifsin, sinadarin da ake ɓamɓaro ƙwayoyi da shi daga jikin faranti, wanda bisa al'ada daga alade ake samo shi. A kan wannan ne Majalisar Malaman Indonesiya, inda mazhabar Shafi'iyya mai ƙuntata babin istihala ta fi rinjaye, ta yanke a watan Maris na 2021 cewa rigakafin korona na AstraZeneca haramun ne a asali amma ya halatta a yi amfani da shi saboda larura, alhali kamfanin ya ce babu wani abu na alade a cikin rigakafin da ya kammala. Wuri na uku shi ne albumin na jinin saniya da akan zuba a wasu kwalaben bincike don kada furotin ya manne a jikin gilashi.

Abin lura shi ne, maganin waɗannan matsaloli uku daga wannan fasaha yake fitowa. Yanzu akwai tirifsin da ƙananan halittu ke samarwa, akwai albumin na yis da na shinkafa, kuma haɗa 'yan aike sanannu a cikin ruwan reno shi ke ba da damar yin watsi da jinin ɗan tayi. Masu bincike ma sun fi son haka, domin ruwan jini yana bambanta daga wannan gora zuwa waccan, yana kuma iya ɗauko cuta. Wannan batu zai ƙara matsowa kusa da akushinmu ta hanyar naman da ake renowa daga ƙwayoyin dabba, wanda aka fara nuna shi a Landan a 2013, Singafo kuma ta fara ba da izinin sayar da shi a Disambar 2020. A watan Fabrairun 2024 kwamitin fatawa na Majalisar Addinin Musulunci ta Singafo ya bayyana cewa irin wannan nama zai iya zama halal idan ƙwayoyin daga dabbar da ta halatta suke, kuma duk abin da aka yi renon da shi halal ne, mai tsabta, marar cutarwa.

Wuri na huɗu ya fi nauyi. Ana samar da wasu daga cikin furotin na bincike a cikin ƙwayoyin da ake kira HEK 293, waɗanda asalinsu ƙodar wani ɗan tayi ce da aka yi aiki a kanta a birnin Leiden na Holan a 1973. Waɗanda ake amfani da su yau zuriya ce da ta yi ta rabuwa fiye da shekara 50, ba a buƙatar sabon tayi, kuma ana tace furotin ɗin daga gare su. Duk da haka, majalisar Makka a zamanta na 17 a 2003, da take magana kan ƙwayoyin asali, ta bambanta tsakanin abin da aka samo daga mabiyiya ko cibiya ko cikin da ya zube da kansa bisa izinin iyaye, da abin da aka samo daga cikin da aka zubar da gangan ba tare da uzurin Shari'a ba. Ɗalibin da ke da zaɓi tsakanin kwalabe biyu yana da damar duba takardar bayani ya ga wane masauki aka yi amfani da shi, domin kamfanoni suna rubutawa. Akwai kuma magungunan da wannan hanya ba ta kai gare su ba tukuna, kamar hefarin mai hana jini daskarewa, wanda ba furotin ba ne, kuma har yanzu mafi yawansa daga hanjin alade ake samo shi. A irin wannan, hukuncin larura yana nan daram.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Ga magidanta, nasiha ta farko ita ce kada jita-jitar waya ta sa wani ya ajiye allurarsa. Mai nau'in farko na ciwon suga idan ya bar insulin zai iya faɗawa cikin suma mai halakarwa cikin 'yan kwanaki. Wanda ke da shakka ya buɗe takardar da ke cikin kwalin maganin, ko ya tambayi mai harhaɗa magunguna, sannan ya kai bayanin ga malami. A wancan zama na Jidda na 1997 ma, majalisar ta bayyana cewa allurar magani da ake yi a fata ko tsoka ko jijiya ba ta karya azumi, in ban da wadda ke zama madadin abinci. Ko marar lafiya zai iya azumin kuwa, wannan shawara ce da sai an haɗa da likita.

Nasiha ta biyu ta shafi bayanin nan na uku da ke jikin kwalba. Abin da aka rubuta wa “don bincike kawai” bai bi ta matakan da ake bi kafin a ce abu magani ne ba, kuma ba a tabbatar da cewa ya kuɓuta daga ƙwayoyin cuta da dafin ɓawon bakteriya gwargwadon abin da jinin mutum zai jure ba. Masu tallar irin waɗannan sinadarai a intanet da sunan ƙarin tsawo ko gina tsoka ko mayar da tsohuwa yarinya suna wasa ne da rayukan mutane. Ɗan aiken da ke cewa ƙwaya ta girma bai san ƙwayar lafiya da ta daji ba. EPO da ke ceton mai ciwon ƙoda yana kaurara jinin mai lafiya har ya iya toshe jijiya, kuma yana cikin abubuwan da suka sa aka ƙwace wa ɗan tseren keke Lance Armstrong kambunansa 7 na gasar Faransa a 2012. Duk abin da za a yi wa mutum allurarsa, ya zo ta hannun likita, da lambar rajistar hukumar NAFDAC ko takwararta ta ƙasar da mutum yake.

Ga ɗalibai kuwa, akwai gurbi a buɗe. Malesiya ta fitar da ma'aunin magungunan halal tun 2012, kuma kamfanin Biocon na Indiya yana da babbar masana'antar insulin a jihar Johor ta ƙasar. Mu kuwa har yanzu mafi yawan waɗannan kayayyaki daga waje muke sayo su da kuɗin ƙetare, a cikin ƙanƙara, zuwa ɗakunan binciken da wutar lantarki ke iya yanke musu a kowane lokaci. Muna buƙatar matasan da za su iya dasa ƙwayar gado a cikin yis, su kuma iya zama gaban malami su warware masa matakan aikin ɗaya bayan ɗaya cikin harshen da zai fahimta. Muna kuma buƙatar malaman da za su yi haƙurin sauraro kafin su yi fatawa, su tambayi asalin ƙwayar gadon, da masaukin da aka dasa ta, da abincin da aka yi reno da shi, da abin da ya rage bayan tacewa, da kuma manufar da aka yi aikin dominta. Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata, kuma waɗannan tambayoyi biyar suna da amsoshi a rubuce ga duk wanda ya san inda zai duba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara mana ilimi mai amfani. Allah Shi ne Mafi sani.